Yadda Mai Koyon Zane Zai Yi Atisaye, Ya Kuma Nemi Gyaran da Zai Amfane Shi

Mafi yawan matasan da ke fara koyon zane a Jos suna yin sa ne su kaɗai a ɗaki, suna kwaikwayon hotunan da suka gani a waya, idan sun gama kuma su nuna wa 'yan gida, a ce musu "ma sha Allah, ya yi kyau". Wannan yabo yana da daɗin ji, amma ba ya gaya wa mutum inda hannunsa ya kauce, shi ya sa za ka tarar da wanda ya shekara yana zane alhali kuskurensa na makon farko yana nan daram. Matakan da ke tafe an tsara su ne domin kowane atisaye ya haifar da tambaya guda, tambayar ta kai ga gyara, gyaran kuma ya sa a sake zanen.

Matakin farko shi ne tanadin kayan aiki, kuma bai kamata ya ci kuɗi mai yawa ba. Fensir uku sun isa, wato HB da 2B da 4B. Bakin fensir haɗi ne na garin girafait da yumɓu. Wanda yumɓunsa ya fi yawa shi ake sa wa harafin H, yana da tauri kuma layinsa ba ya yin baƙi sosai, wanda kuma aka sa wa B ya fi laushi da duhu, kuma duhun yana ƙaruwa yadda lambar take hawa, HB kuwa yana tsakanin su biyun. A haɗa da abin goge fensir, da reza ta fiƙewa, da faffaɗan katako mai santsi da za a ɗora takarda a kai, sai farar takarda A4 irin ta buga takardu, wadda ƙunshinta guda ke ɗauke da 500. Duk ana samun waɗannan a shagunan littattafai da ke kewayen Taminus. Ban ba da shawarar a fara da littafin zane mai tsada ba, domin mai koyo kan ji tsoron ɓata shi, hannun da ke tsoro kuwa ba ya sakewa. A rubuta kwanan wata a kusurwar kowace takarda, kada kuma a yar da ko ɗaya, komai muninta.

Mataki na biyu shi ne sakin hannu. Riƙon da muka saba da shi tun firamare, inda yatsu ke matse kusa da bakin fensir, riƙon rubutu ne, kuma gajerun layuka kawai yake bayarwa. A ja yatsu baya zuwa tsakiyar fensirin, a bar motsi ya riƙa fitowa daga gwiwar hannu da kafaɗa. Kafin a fara zana komai a cika takarda guda da miƙaƙƙun layuka daga wannan gefe zuwa wancan, da da'irori, da siffar ƙwai mai faɗi da mai siranta, na kimanin minti goma. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da sanyin hunturu kan sandarar da yatsu da safe a wannan gari da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, waɗannan mintuna sun fi zama dole.

Daga nan sai a shiga zana abu na zahiri, wanda aka ajiye a gaba ana kallo. Hoton waya ya riga ya baje abin a kan shafi, ya yi wa ido rabin aikinsa, saboda haka wanda ya saba kwafe hoto kaɗai yakan rikice ranar da aka ajiye masa kofi a kan tebur. A fara da kwali, sannan kofi, sannan buta, sannan tulu ko ƙwarya. Wanda yake da taka-tsantsan na addini game da zana abu mai rai ba shi da asara a nan, domin dukkan ginshiƙan zane, daga ma'auni har inuwa, ana koyon su cikakke da kayan gida da gine-gine da duwatsu.

Kafin fensir ya taɓa takarda a tambayi kai manyan siffofin da suka haɗu suka yi abin. Buta, alal misali, ciki ne mai kama da ƙwallo, da wuya mai kama da guntun bututu, da hanci, da mariƙi. A zana waɗannan da layi mara nauyi na HB, sannan a auna. Ana miƙe hannu sosai riƙe da fensir, a rufe ido ɗaya, a daidaita bakin fensirin da saman butar, a sa babban yatsa daidai gindinta. Sai a juya fensirin a kwance a ga ko faɗin ya kai tsayin, ko rabinsa ne, ko kashi biyu cikin uku. Idan gwiwar hannu ta lanƙwashe tsakanin awo da awo, lissafin ya lalace. Akwai kuskure guda da kusan kowane sabon mai zane yake yi: ya zana bakin kofi da'ira cikakkiya saboda ya san zagaye yake, sannan ya ja gindin da miƙaƙƙen layi saboda ya san tebur a shimfiɗe yake. Abin da ido ke gani daga gefe kuwa siffar ƙwai ce a kwance, kuma idan kofin yana ƙasa da tsayin idonka, lanƙwasar gindi ta fi ta baki zurfi. Wata dabara mai amfani ita ce a zana ramin da ke tsakanin mariƙin buta da jikinta a matsayin siffa mai zaman kanta, idan ramin ya daidaita mariƙin ma zai daidaita.

Mataki na huɗu shi ne haske da inuwa, kuma ba a shigarsa sai siffa ta zauna, domin inuwa mai kyau ba ta gyara butar da ta karkace. A ja akwatuna biyar a jere, a bar na farko fari, a cika na ƙarshe da iyakar baƙin 4B, a raba sauran ukun tsakani. Sannan a samo albasa ko ƙwai ko dankalin Turawa irin wanda ake jibgewa a kasuwar Farin Gada, a ajiye kusa da taga guda ko a haska shi da tocila daga gefe ɗaya, a kashe sauran fitilu. Idan aka ɗan runtse ido ƙananan tabo za su ɓace, a ga inda haske ya faɗa, da inda inuwa ta kwanta a jikin abin, da inuwar da ya jefa a kan tebur, wadda ta fi duhu daidai wurin da ya taɓa teburin. A gina duhun da layuka a hankali. Murza shi da yatsa yana sa zane ya yi dauɗa, yana kuma ɓoye kuskuren da ake so mai gyara ya gani.

Kafin a kai wa kowa, mai koyo ya fara duba aikinsa da kansa. Ya jingina takardar a bango ya ja da baya taku uku ko huɗu, ya kuma ɗaga ta gaban madubi, domin zanen da aka juya yakan fallasa karkatar da ido ya riga ya saba da ita. Ya bar shi ya kwana ya sake kallo da safe. Duk abin da ya gano ya rubuta a bayan takardar. Wannan ba zai wadatar ba, tunda Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, amma zai rage wa mai gyara wahalar faɗin abin da yake a fili.

Neman gyara shi ne matakin da ya fi buƙatar tsari. Da farko a zaɓi wanda za a tambaya. Malamin zane na makarantar sakandare, da ɗalibin da ke karanta fasahar zane a jami'a, da mai rubuta allunan talla a bakin titi, har da mai fitar da zanen aska a kan babbar riga kafin a yi mata aiki, duk mutane ne da idonsu ya ƙware wajen gane layin da ya kauce da ɓangaren da ya fi ɗan'uwansa girma. A je musu a lokacin da ba su da cunkoso, a gaisa yadda ya dace, a kai zane ɗaya ko biyu kawai. Wanda ya zube wa mutum takardu talatin a gaba ba abin da zai samu sai "ka yi ƙoƙari".

Sannan a gyara tambayar kanta. "Yaya ka ga wannan?" tambaya ce da ke neman yabo, kuma mutumin kirki zai ba ka yabon don kada ya ɓata maka rai. Gara a ce: "Malam, don Allah a duba mini, awo nake koyo a makon nan, shin tsayin butar nan da faɗinta sun yi daidai da na hoton?" Ko kuma: "Yaya, inuwar albasar nan ta nuna daga ina hasken ya fito?" Irin wannan tambaya tana nuna wa mai gyara cewa an ba shi izinin faɗin gaskiya, tana kuma taƙaita masa wurin da zai duba. Dole ne a haɗa da hoton abin da aka zana, wanda aka ɗauka daga daidai inda ido yake lokacin zanen, in ba haka ba babu abin da zai gwada aikin da shi. Idan ta WhatsApp za a tura, a shimfiɗa takardar a inuwa mai haske da rana, a riƙe wayar sambal a samanta ba a karkace ba, domin hoton da aka ɗauka a karkace yakan ƙirƙiro kuskuren da babu shi a zanen.

Lokacin da ake yi maka gyara, ka yi shiru ka rubuta. Bayanin cewa fensirin ne bai da kyau ko wuta ce aka ɗauke ba ya canja abin da ke kan takarda. Idan ba ka gane ba, ka roƙi a nuna maka, amma a kan wata takarda ko a kan kwafin zanen, domin asalin ya zauna yadda ka yi shi. Yana da kyau kuma a rarrabe gyara iri biyu. Akwai na abin da ake iya aunawa, kamar cewa hancin butar ya yi tsawo ko gefen kwalin ya buɗe maimakon ya tsuke yayin da yake nisa. Wannan ana karɓarsa nan take, tunda fensir da ido za su tabbatar da shi. Akwai kuma na ra'ayi, kamar a ce an fi son layi mai kauri. Wannan ana saurara a ajiye. Idan mutum biyu suka saɓa, a koma wa abin da aka zana a sake aunawa. Bayan haka, a cikin kwana ɗaya ko biyu, a sake zana abin nan dai daga farko a sabuwar takarda, ana lura da gyara guda tak, sannan a mayar wa mai gyaran da tsohon da sabon tare. A ganina wannan komawar ce ke sa mutum ya ci gaba da ba ka lokacinsa, domin ya ga maganarsa ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Wanda bai sami malami ba ya nemi abokai biyu ko uku su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, su ajiye abu guda a tsakiya kowa ya zana, sannan a jera takardun a ƙasa, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya daidaita da abu ɗaya da ya kauce a aikin ɗan'uwansa. Haɗuwar ɗalibai tana da tarihi a fasahar ƙasar nan, domin a 1958 ne ɗaliban kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane, suna neman haɗa abin da ake koya musu a aji da fasahar gargajiya ta gida.

Idan hannu ya fara zama, sai a fita waje, kuma mazaunin Jos ya yi sa'a a nan. Gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 ta ƙoƙarin Bernard Fagg, Baturen Ingila masanin kayan tarihi, yana da tarin tukwane da tuluna daga sassan Najeriya waɗanda suka dace da atisayen siffar ƙwai, yana kuma da kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok masu idanu masu kusurwa uku da huji a tsakiya. Kusa da shi akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya. A nan ake koyon yadda layukan bango ke tsukewa zuwa wuri guda da ke daidai tsayin ido. A nemi izinin ma'aikata kafin a zauna zane, kada kuma a zana mutum ko wurin jami'an tsaro ba tare da an yarda ba. Duwatsun Riyom da na Shere suna koyar da ganin manyan siffofi kafin ƙanana, sai dai rana tana tafiya da inuwa, don haka a yi wa iyakar inuwar alama tun a mintunan farko.

A ƙarshen kowane wata a ɗauko butar da aka zana tun farko a sake zana ta a wuri guda da haske guda, a jera zanen da na watannin baya bisa kwanan watansu. Idan gyaran da aka rubuta a bayan takardu ya daina maimaituwa, an iya wucewa zuwa abubuwa biyu ko uku a haɗe, ko zuwa biro da gawayi. Idan kuwa har yanzu ana cewa gindin kofi ya miƙe, a ƙara mako guda a kan siffar ƙwai kafin a taɓa wani abu.