Yadda ake sa ido kan ƙarin ruwa da na'urar ƙirga ɗigo

Sa kanula ('yar robar da ake sa wa a jijiya) da rataye ledar ruwa ba sai na koya wa kowa ba, an yi wannan a makaranta. Inda sababbin nas suke tuntuɓe shi ne bayan ruwa ya fara tafiya. A saita, a juya baya, a dawo a tarar ledar da likita ya ce ta yi awa 8 ta ƙare a awa 3.

Da farko, kada ka jefar da ledar da robar ƙarin ruwan ta zo a ciki. A jikinta aka rubuta ɗigo nawa ke cika mililita ɗaya: 10, 15, 20 ko 60. Ta manya galibi 20 ce, ta ƙananan yara 60. Ka ninka yawan ruwan da wannan lambar, ka raba da mintoci. Mililita 1000 a awa 8 da roba mai 20 zai ba ka kusan ɗigo 42 a minti. In kana sauri, da mai 20 raba mililitan awa ɗaya gida uku. Mai 60 kuwa ba lissafi, mililita nawa a awa, ɗigo nawa a minti.

Sai na'urar. Irin DripAssist nake nufi, ta kamfanin Shift Labs da ke Seattle a Amurka, wadda aka yi aiki da ita lokacin annobar Ebola a Afirka ta Yamma. Batir AA ɗaya take ci, ko an ɗauke wuta ba ruwanta, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na injin tura ruwa ba. Ana maƙala ta a 'yar kwalbar da ɗigo ke faɗowa, tana ƙirga kowane ɗigo da hasken da ido ba ya gani. Ruwan cikin kwalbar kada ya wuce rabi, ni sulusi na fi so, kuma ta tsaya tsaye cak. In ta karkace, ɗigo zai bi bango ya zurare ba a ƙirga shi ba.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Na'urar za ta nemi lambar robar, kuma abin da ka gaya mata shi za ta yarda da shi. Ka ɗaura wa yaro roba mai 20, ka ce mata 60 ce don ka saba da ɗakin yara, sai ta ɗauka ɗigon ƙanana ne. Fuskarta na nuna mililita 30 a awa, jijiyar yaron na shan 90. Ƙararrawa ba za ta yi ƙara ba, don a wajenta komai daidai yake. Ga yaro mai tamowa ko tsoho mai ciwon zuciya, wannan ruwan huhu zai nufa. Saboda haka bayan ka saita, ɗauki agogo ka ƙirga da idonka minti ɗaya cur, ba daƙiƙa 15 ka ninka ba, ka gwada da lissafinka na takarda.

Ka kuma sani ita ƙirga kawai take yi, ba ta rage gudu ba ta ƙarawa. 'Yar tayar nan ta jikin roba kai ne za ka murza. Ka dawo bayan minti 15, domin gudun yakan sauya da kansa, ballantana majinyaci ya lanƙwasa hannu ko a ɗaga ƙarfen rataye leda. Masu jinya ma ka gaya musu da baki: "Baba, don Allah kada a taɓa wannan tayar." Da yawa suna buɗe ta don ruwa ya ƙare a sallame su da wuri.

Sauran mai sauƙi ne. Kunna ƙararrawa bayan gudu ya zauna, manna filasta a jikin leda ka ja layin inda ruwa zai kai kowace awa, ka rubuta a katin majinyaci. Duk zagaye ka taɓa wajen kanula: in akwai kumburi, sanyi, ja ko zafi, tsayar da ruwan a canza waje. In numfashi ya ƙaru ko fatar ido ta kumbura, rufe tayar ka kira likita.