Kurakuran da ke kayar da sababbin 'yan tseren kwalekwale na dogon zango

Kowace shekara abu ɗaya ake gani. Saurayi mai ƙarfin damtse ya wuce kowa a awa ta farko, a awa ta huɗu kuma a same shi a gaɓa yana rawar ɗari, ya kasa ɗaga filafili. Galibi ciki ne ya kayar da shi, domin ya jira sai ya ji yunwa kafin ya ci. Sukarin da jiki ya adana a tsoka yakan ƙare cikin awa biyu ko ƙasa da haka idan ana tuƙi da ƙarfi, kuma da zarar ya ƙare, abin da ka ci a lokacin zai ɗauki lokaci kafin ya yi aiki.

Ka fara ci tun a rabin awar farko. Ka nemi abincin da zai ba ka sukari ko sitaci kamar giram 60 a kowace awa, ka raba shi gida uku, kowane minti 20 ka jefa wani abu a baki. Ayaba ɗaya ba ta kai rabin wannan ba, sai a haɗa da dabino. Ruwa kuwa rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a awa ya isa yawancin mutane, a saka shi a jaka mai tiyo da ke zuwa bakinka don kada ka daina tuƙi. Kuma don Allah a daina ɗirkar ruwa zalla awa goma babu gishiri! Zufa tana tafiya da gishirin jiki, ruwan da ya yi yawa ya ƙara tsinka sauran, sai ciwon kai da amai da rikicewar tunani su biyo baya, har a kai ga asibiti. Abin da ba ka taɓa ci a atisaye ba, kada ka ɗanɗana shi ranar gasa, ko wa ya miƙo maka.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin sakaci ne tsagwaronsa: mutum ya shafe watanni yana tuƙi bai taɓa koyon saɓar kwalekwale a tudu ba. A tseren Devizes zuwa Westminster na Ingila, mai tsawon mil 125, sau 77 ake fita a ɗauki jirgin a ƙetare madatsa. Ka yi asarar daƙiƙa 30 kacal a kowane wuri, ka zubar da sama da minti 38. A tseren Dusi na Afirka ta Kudu, daga Pietermaritzburg zuwa Durban cikin kwana uku, wasu wuraren sai an yi gudun kilomitoci a kan tsauni da jirgi a kafaɗa.

Ƙafar da ta daɗe a lanƙwashe takan yi sanyi, shi ya sa ake ganin mutum ya taka ƙasa ya zube. Tun kafin ka iso gaɓa ka riƙa motsa yatsun ƙafa kana danna matakin da ake dogara ƙafa a cikin jirgi, ka kwance murfin da ke tare ruwa a ƙugunka. Hannu ɗaya a bakin jirgi, ɗaya a gaɓa, filafili bai bar hannunka ba. Kada ka ja jirgin a ƙasa. Kwalekwalen gasa na mutum ɗaya bai wuce kilo takwas da ɗoriya ba, jikinsa siriri ne, kuma ɗan ƙarfen sitiyarin da ke ƙarƙashin gindinsa dutse ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi. Idan ku biyu ne, mutum ɗaya ne ke da bakin cewa a ɗaga, a ajiye. A ganina duk ranar atisaye sai an yi fita da shiga aƙalla sau goma, kuma a ƙarshen atisayen, lokacin da jiki ya mutu.

Sai masu girman kai da ke tuƙi su kaɗai a gefe. Jirgin da ke gaba yana barin igiyar ruwa a gefensa, ka ɗora hancin naka a kanta ta ja ka, ka huta kana tafiya. Amma a yi karɓa-karɓa, wanda ya ƙi jan ayari za a yi dabarar yar da shi.

Tuƙi da hannu kaɗai yana kashe kafaɗa: ƙafa ce ke dannawa, ƙugu ya juya, hannu ya bi. Damƙe filafili da ƙarfi shi ke kawo bororo a tafin hannu da kumburin wuyan hannu. Sabuwar kujera ko sabuwar riga ranar gasa, a'a. Mai shiga tseren dare irin na kogin AuSable a Amurka ya bi hanyar da rana tukuna, ya san inda itatuwa suka faɗa ruwa. A Devizes kuma masu yin tseren kai tsaye ba tare da yada zango ba su ke zaɓen lokacin tashinsu, sai a lissafa daga baya, domin a isa madatsar Teddington, ta ƙarshe kafin Westminster, daidai lokacin da ruwan teku ya fara janyewa daga kogin Thames. Wanda ya makara zai yi awanni a gaɓa yana jiran janyewa ta gaba da jiƙaƙƙun kaya a jikinsa.