Sakkwato zuwa Maiduguri ta jirgin sama: a bar tazara a Abuja

Jama'a, mai shirin wannan tafiya kada taswira ta ruɗe shi. Daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa na Maiduguri kusan kilomita 860 ne a miƙe, tafiyar da ba za ta kai awa ɗaya da rabi ba. Amma galibi sai an bi ta Abuja, nisan ya koma wajen kilomita 1,200. Sakkwato zuwa Abuja kamar awa ɗaya ne, Abuja zuwa Maiduguri awa ɗaya da 'yan mintuna.

Zaman jira ne ke cin yinin. Ku bar aƙalla awa huɗu tsakanin jiragen biyu, musamman in kamfanoni daban ne, don sai kun tsaya jiran akwati, kun sake hawa layin awon kaya. In na farko ya makara, na biyun ba ruwansa, tikitinku ya bi ruwa.

Lokacin hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan hana jirgi sauka. In ɗaurin aure za ku, gara ku tashi ana gobe, ku kwana a Abuja.