Yadda na gyara fentin ƙaramin jirgina

Alhamdu lillahi, fentin Spitfire ɗina, ƙaramin samfurin jirgin saman yaƙi na kamfanin Airfix mai girman kashi 1/72 na ainihin jirgin, ya kwanta sumul. Da, ina fesawa sai saman fukafukan ya yi kaushi kamar yashi. Na zargi ƙurar Yamai, na wanke bakin abin feshi, ba canji.

Ashe iskar hunturu ke busar da fentin tun bai sauka ba. Na goge kaushin da jiƙaƙƙiyar samfefa lamba 2000. Na haɗa fentin kamfanin Tamiya da X-20A, ruwan tsinka fenti, rabi da rabi, na ɗiga maganin jinkirta bushewa, na sauke matsin iska zuwa bar 1, na matso da abin feshi zuwa santimita 10 daga jirgin. Bayan asuba nake feshi, shafi siriri, kowane ya bushe tukuna.

Wani mai fentin mota a kasuwar Katako ya gano matsalar, Allah ya saka masa.