Yadda za ka koyi aikin menfirem daga kwamfutarka

A 1991 wani ɗan jaridar fasaha a Amurka, Stewart Alsop, ya yi hasashen cewa ranar 15 ga Maris 1996 za a zare wutar menfirem ta ƙarshe a duniya, wato gagarumar kwamfutar da manyan bankuna da hukumomi ke gudanar da ayyukansu a kai. Ranar ta zo ta wuce. Kamfanin IBM ya fitar da sabuwar menfirem z16 a 2022, ya biyo da z17 a 2025. Amma ba zan ruɗe ka ba, ɗan'uwa, kasuwar wannan gagarumar kwamfuta tana tsukewa. Fujitsu na Japan ya sanar zai daina sayar da nasa a 2030, kamfanoni kuma suna ta kwashe ayyukansu zuwa na'urorin haya na intanet. Abin da bai ragu ba shi ne neman wanda zai iya karanta abin da aka rubuta a cikinta. Ko kwashewar za a yi, sai an samu mai karantawa, dattawan da suka rubuta kuwa suna ta ritaya. A watan Afrilun 2020 gwamnan New Jersey ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL, tsohon harshen rubuta shirin kwamfuta, saboda tsarin biyan marasa aikin yi ya cushe.

Fara da COBOL ɗin. Harshe ne na 1959, kuma shi ke riƙe da lissafin manyan bankuna da kamfanonin inshora da yawa har yau. Sauke GnuCOBOL, manhajar da za ta sa shirin COBOL ya yi aiki a kwamfutarka, kyauta ce. Rubuta ɗan shirin da zai karanta sunayen mutum goma da kuɗin ajiyarsu, ya tara, ya buga jimilla. Kula da gurbin haruffa: na 8 zuwa 11 na kanun shiri ne, na 12 zuwa 72 na umarni, gado daga katin ɓula mai gurbi 80. Ka daɗe a kan yadda ake bayyana lamba. PIC 9(7)V99 na nufin lamba bakwai, sai biyu na kwabo. Nan hikimar harshen take, don ko kwabo ɗaya ba ya ɓata a lissafi.

Daga nan sai injin kansa. Akwai manhajar Hercules da ke kwaikwayon menfirem a ƙaramar kwamfuta, ana ɗora mata tsohon tsarin MVS 3.8j. Ni da ita na koya, kuma abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne da zarar ka sauke, ba ruwanka da data. Za ka ga baƙin allo da koren rubutu na 3270, tsohon allon aiki na IBM. Nan za ka haɗu da JCL, inda kusan kowane layi ke farawa da //, wanda da shi ake gaya wa injin aikin da zai yi da fayil ɗin da zai buɗe. Aikina na farko ya faɗi da S0C7, alamar kuskuren da injin ke bayarwa in ya tarar da abin da ba lamba ba a wurin lissafi. Dare uku ina nema kafin na gane gurbin da ya kamata ya ɗauki lamba na bar shi fili. Ranar na fahimci injin ba ya yi wa kowa zato.

In hannunka ya faɗa, yi rajista da IBM Z Xplore, dandalin koyo na IBM, inda za ka taɓa z/OS na gaske, tsarin da menfirem na yau ke aiki da shi, ba ka biya ko sisi ba. Can za ka leƙa Db2, rumbun ajiye bayanai, sai ka nemi sanin CICS, mai kula da cire kuɗi da sakawa nan take.

Kada ka ajiye sababbin harsuna irin Java ko Python saboda wannan. Wanda ya iya tsoho da sabo shi ake kira in za a yi ƙaura, aikin da ya ɗauki Commonwealth Bank na Ostireliya shekara biyar. Yawancin guraben suna Amurka, Turai da Indiya, don haka ajiye shirye-shiryenka a GitHub, shafin da masu rubuta shiri ke baje aikinsu, inda mai ɗaukar aiki daga nesa zai gani.