Kurakuran da masu koyon gina shafin intanet ke ta maimaitawa

Na gaji da ganin matasa masu ƙwazo suna tafka kuskure iri ɗaya, wannan ya yi ya koka, na bayansa ya zo ya maimaita. Ga waɗanda na fi cin karo da su wajen masu koya wa kansu wannan sana'a, da yadda ni nake bi da su.

Na farko shi ne kallon bidiyo ba tare da taɓa kwamfuta ba. Mutum zai ƙona data a YouTube wata da watanni, ya haddace sunayen manyan kayan aikin gina shafi irin su React da Tailwind, amma ka ce ya haɗa maka shafi ɗaya mai suna da hoto da lambar waya da HTML zalla, sai ya hau kame-kame. HTML (ginshiƙin shafi) da CSS (adonsa) tukuna, sannan JavaScript (mai sa shi motsi) kaɗan-kaɗan. Ka buɗe shafukan koyo irin su freeCodeCamp ko MDN, ka gina wa shagon babanka ko islamiyyar unguwarku shafi, ka ɗora shi a GitHub Pages, kyauta ne. Ni ba na yarda ɗalibina ya ambaci React sai ya turo min adireshin da zan buɗe a wayata in gani.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona min rai: jigo (tsarin kamannin shafi) ko filogin (ƙarin kayan aiki) na WordPress, manhajar gina shafi, da aka fasa. Na kuɗi ne a wurin masu shi, sai ka same shi "kyauta" a wani zauren Telegram, ka sauke kana murna. Ɗan'uwa, wanda ya zauna ya fasa shi ya raba wa duniya, don Allah da Annabi ya yi? A cikin fayilolin nan ake cusa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar shiga shafinka, ƴan layukan PHP (yaren da aka rubuta WordPress da shi) da ba za ka taɓa lura da su ba. Na taɓa ɗora irinsa a shafin wata makaranta, komai ya tafi daidai, har ranar da shugaban makarantar ya kira ni yana faɗa: iyayen yara sun buɗe shafin, yana tura su wurin caca. Babu kwafin ajiya ko ɗaya. Na sake ginin daga tushe ba ko sisi, kuma ba su ƙara nemana ba. Har yau in na ji yaro yana alfahari wai ya samu jigon dala sittin a banza, sai in ji kamar in ƙwace kwamfutar. Rumbun WordPress na hukuma cike yake da jigogi kyauta masu tsabta. In ba su ishe ka ba, ka sa kuɗin na gaske a cikin farashin aikin, mai shafi ya biya. Kuma kafin ka sabunta komai, ka sauke kwafin fayiloli da na rumbun bayanai, ka ajiye ɗaya a kwamfutarka ɗaya a Google Drive. Ni ranar Juma'a nake yin nawa, ko an taɓa shafin ko ba a taɓa ba. Kar ka dogara da kwafin da kamfanin masauki, wato wanda ke riƙe maka shafin a intanet, ya ce yana ajiye maka. Ranar da kake buƙatarsa ce za ka ji labari.

Na biyu a tsanani shi ne sunan shafi, wato adireshinsa na intanet. Mutane ba su gane cewa haya ake yi ba, shekara-shekara. Yaro zai ba wani "oga" kuɗi ya saya masa, ogan ya yi rajista da imel ɗinsa, bayan shekara a neme shi a rasa. In sunan .com ya ƙare, akwai ɗan lokacin sassauci, sannan kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, daga nan kowa na iya saye. Sunan da aka buga a allon shago da katin kasuwanci ya tafi kenan. Ka yi rajista da kanka, ko .com ko .com.ng ta hannun kamfanin da NiRA, mai kula da sunayen .ng, ta amince da shi, da imel ɗin mai shafin, ka sa ranar sabuntawa a kalandar waya tun wata guda kafin lokaci. Sabuntawa ta atomatik ba abin dogaro ba ce a nan, katin naira kan ƙi biya a shafukan waje ba sanarwa.

Sauran ƙanana ne, amma suna zubar da mutunci. Hoton megabait biyar kai tsaye daga kyamarar waya: ka matse shi da manhajar Squoosh zuwa WebP, nau'in hoto marar nauyi, domin masu ziyartarka da ƙaramin data suke. Gina shafi a faffaɗan allon kwamfuta ba a gwada a waya ba, alhali a waya za a buɗe shi. Ka nemi tsohuwar Tecno ko itel ka gwada. Mantawa da layin UTF-8, mai faɗa wa burauza yadda za ta karanta haruffa, a saman fayil ɗin shafi, sai ƙ da ɗ da ɓ su koma shara. Kuma ka duba ko salon haruffan da ka zaɓa yana da su ma. Sa wa fayil suna Hoto.JPG ka kira shi hoto.jpg: Windows za ta yafe maka, sabar Linux, kwamfutar da ake ɗora shafin a kai, ba za ta yafe ba. Barin "admin" a matsayin sunan shiga, da lambar wayarka a matsayin kalmar sirri.

Sai shafi ba HTTPS, tsaron da ke kare bayanai tsakanin mai ziyara da shafi. Tun 2018 Chrome ke yi wa irinsu tambarin rashin tsaro, kuma Let's Encrypt na ba da takardar shaidar kyauta, yawancin kamfanonin masauki da latsawa ɗaya ake kunna ta. In naka ya ce sai ka biya, ka kwashe kayanka ka koma wani.