Yadda ake gane iyakar aikin mai haɗa wuta da na NIGELEC

Yaro ya iya haɗa wayar wuta sarai, amma tara ta hau kan maigidan da ya ba shi aiki don yaron bai san ma'anar kalma uku na aikin lantarki ba. Abin da ya fi kada sababbi ke nan a Yamai. Dokar lantarki ta Nijar ita ce mai lamba 2016-05 ta 17 ga Mayu 2016, hukumar ARSE ke sa ido a kan fannin. Ka nemi kwafin dokar, ka haɗa da takardar abonuman ta mai gida, wato yarjejeniyarsa da kamfanin wuta NIGELEC.

Fara da bransheman. Shi ne wayar da ta taso daga turke har kontar da disjonktar ɗin kamfani, wato na'urar da ke yanke wuta in nauyi ya yi yawa. Wannan sashe ba naka ba ne, ko da kuɗin mai gida aka yi shi.

Sai wurin miƙa wuta, nan nake so ka daɗe. Tsaya gaban allon kontar, ka nemi darmar hatimi da aka ɗaure da siririyar waya. Duk abin da ke bayan darmar nan haramiyarka ne. Aikinka yana farawa daga inda waya ta fito disjonktar ta nufi ɗaki, shi ake kira haɗin cikin gida. Mai gida zai ce: "Malam, wuta na yawan faɗuwa, ɗan ƙara mini amfiya." Kar ka taɓa. Amfiya 10 a kan volt 220 bai wuce kilowat 2,2 ba, in firiza da na'urar sanyaya ɗaki da dutsen guga sun tashi tare dole ta faɗi. Mai gida ya je ofishin kamfani ya nemi ƙarin ƙarfi. Tsinke darma kuwa, a idon doka laifi ne, ko ba ka saci komai ba.

Na uku, mai abonuman, wato wanda sunansa ke kan takardar kamfani. Wutar ta wurin da aka rubuta ce kawai. Ja wa maƙwabci waya ta kan katanga yana biya duk wata sayar da wuta ne, shi kuma sai mai izinin gwamnati. Na san ya fi araha, amma kar sunanka ya shiga.

Sola da janareto suna ƙarƙashin samar wa kai wuta. Sa makunnin sauya layi, kar wutarka ta koma turke ta kashe ma'aikaci. A cikin gida sa waya mai kaurin 1,5 mm² ga fitila, 2,5 mm² ga firiz (soket), diferansiyal (na'urar da ke yanke wuta in ta zurare) mai miliamfiya 30, da sandar ƙasa. Ka ɗauki hoton darmar kafin ka fara da bayan ka gama.